Titi, Ruwa Da Hayaƙi: Jan Kunne Kafin Damina

Duk shekara, da zarar damina ta ja baya, sai ka ga ma'aikatan gyaran hanya sun fito da ganguna da tsakuwa suna cike ramuka, kuma sau da yawa ramukan bara ne aka dawo wa. Jama'a kan yi ta ƙorafi a kan dukiyar gwamnati da ke zurarewa. Ƙorafin yana bisa hanya, amma akwai wata asarar da ba a cika sa ta a lissafi ba, wato hayaƙin da ake turawa sama duk lokacin da aka gina titi ko aka sake gina shi. An rubuta wannan takarda ne domin magidanci da mai shago da direba da mai unguwa su san cewa su ma da hannunsu a ciki.

To, ina titi ya samo hayaƙi, alhali shi a kwance yake ba ya ko motsi? Kwalta ba ta shimfiɗuwa da sanyi. Sai an dafa ta tare da tsakuwa har zafin ya kai wajen maki 150 ko fiye, kuma da mai ake wannan dahuwa. Siminti kuwa, wanda ake zuba kwalbati da gada da lambatu da shi, daga dutsen farar ƙasa ake samo shi, a gasa shi a wuta mai zafin kusan maki 1,450, kamar yadda ake yi a Obajana da Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato. Shi kansa dutsen idan ya gasu yana fitar da iskar kabon, ban da ta makamashin da aka ƙona. Masana sun ƙiyasta cewa siminti kaɗai ke da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da 'yan Adam ke fitarwa a duniya. Ga katafila, ga gireda, ga tifa mai jigilar yashi da marmara, kowace lita ɗaya ta man dizal da suka sha tana sakin fiye da kilo biyu da rabi na wannan iska. Ita kuwa ba kamar baƙin hayaƙin da ido ke gani ba ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, sai dai ta taru a sama ta riƙe zafin rana, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki.

Mu da muke bakin hamada ba sai an yi mana dogon bayani a kan sauyin yanayi ba. Dattawa sun san faɗin Tafkin Chadi a shekarun 1960, sun kuma san abin da ya rage. A shekarar 2021, a taron duniya da aka yi a birnin Gilasgo, Najeriya ta yi alkawarin cewa kafin 2060 iskar kabon da take fitarwa ba za ta wuce wadda take iya shanyewa ba, kuma a wannan shekarar aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi. Alkawari kaya ne. Ba kuma a Abuja kaɗai za a sauke shi ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ci wa hukumomi tuwo a ƙwarya. Titin da ya fi kowanne ƙarancin hayaƙi shi ne wanda aka gina sau ɗaya ya yi shekarun da aka ɗebar masa. Wanda aka yi domin shekara ashirin ya mutu a shekara biyar, an dafa kwalta sau huɗu ke nan maimakon sau ɗaya, an ƙona mai sau huɗu, an fasa dutse sau huɗu. Babban mai kashe titi kuwa ba mota ba ce, ruwa ne.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan karatu. Kakanninmu, tun hadari bai fara haɗuwa a gabas ba, sukan hau soro su duba. A kwaɓa ƙasa da makuba a yi yaɓe, a liƙe duk wata 'yar tsaga, a share bakin indararo, a cire ciyawar da ta tsiro. Me ya sa? Domin sun san cewa ruwan da ya wuce ba ya cutar soro, wanda ya kwana shi ne mugu. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, sai ya bi tsaga a hankali ya jiƙa ƙasa, ya sauka kan azara. Maigida na kwance yana ganin ɗakinsa lafiya, har daren da rufi zai rufto. Malalacin da ya ƙi yaɓen wuni ɗaya, shi ne zai nemi magina da sabuwar azara da jakunan ɗaukar ƙasa, ya kuma kwashe iyalinsa zuwa gidan maƙwabta. To, titi soro ne da aka shimfiɗa a ƙasa. Kwalta ita ce yaɓensa, marmarar da aka daɓe a ƙarƙashi ita ce azararsa, lambatu kuma shi ne indararonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsaga ya tausasa marmara, mota ta taka, kwalta ta lotsa, gobe ka tarar da rami.

Wa ke toshe indararon? Mu ne. Kada kowa ya waiwaya yana neman wani. Ledar ruwa da robar lemo da tokar murhu da ɓawon rake, duk a lambatu. Akwai ma masu jiran sama ta yi duhu su aiki yara da kwandon shara, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Kwalbatin da ke gaba za ta cushe, ruwa ya hau titi, ya shiga gidan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Mai gini ya sauke yashi a kan magudana ya bar shi wata uku. Mai wankin mota ya saki ruwa a kan kwalta safe da yamma. Bakanike ya kwarara baƙin mai a gefen titi, alhali mai da dizal suna narkar da kwalta. Wani ya fasa titi don ya ja famfo gidansa, ya tura ƙasa da ƙafa ya yi tafiyarsa. Sa'an nan waɗannan su ne za su zauna a majalisa da yamma suna tsine wa ɗan kwangila. Wannan ba talauci ba ne, sakaci ne, kuma abin kunya ne ga al'ummar da aka karantar da ita tun daga makarantar allo cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma yanki ne na imani. Idan ɗauke ƙaya ɗaya lada ne, mai zuba kwando guda fa?

Ƙona taya a kan titi kuwa laifi biyu ne a haɗe. Wutar tana cinye kwalta ta bar tabon da zai zama rami, hayaƙin kuma guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Na taɓa tsayawa a wata unguwa na ga leburori sun ɗora gangar kwalta a kan tsofaffin tayoyi sun cinna wuta, mai ƙosai na suya a gefe, 'yan makaranta na wucewa ta cikin hayaƙin. Ramin da aka cike ran nan bai ga ƙarshen damina ba.

Sauran matakan na hukuma ne da 'yan kwangila, za mu ambace su a gurguje. A hana lodi fiye da ƙa'ida, domin gwaji ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnarsa ga titi kan ninka kusan sau goma sha shida. Kaya masu nauyi jirgin ƙasa ya fi dacewa da su. A kankare tsohuwar kwalta a niƙa a sake amfani da ita maimakon a jibge ta a daji. Akwai haɗin kwalta na zamani da ke shimfiɗuwa ba tare da an kai ta wancan zafin ba. A ɗebi marmara da tsakuwa kusa da wurin aiki, a kuma cike ramin da aka haƙa. Direban katafila ya kashe inji idan zai tafi salla ko cin abinci. Itacen da aka sare don faɗaɗa hanya a dasa madadinsa, darbejiya ba ta da wuyar raino.

Hukumar FERMA, da aka kafa a 2002, ita ke kula da titunan tarayya, jihohi kuma suna da nasu hukumomin, kamar KARMA a Kano. Wanda ya ga tsaga ko ƙaramin rami ya sanar da mai unguwa ko kansila tun bai faɗaɗa ba. Masu unguwanni su tsayar da ranar gayya kafin ruwan farko, limamai su yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kowane gida ya fito da shebur ya yashe lambatun ƙofarsa. Abin da aka kwaso kuma kada a tara shi a bakin lambatun, a kai shi bola a ranar.