Shawara ga Mai Zayyanar Fure a Kwamfuta

Ya kai ɗan'uwa da ke zaune gaban kwamfuta a Gusau kana ƙawata katin ɗaurin aure ko na walimar saukar Alƙur'ani, wanda sau da yawa masu shi, daga Tsafe ko Bunguɗu, sukan fi natsuwa da fure bisa surar mai rai saboda bayanin malamai, ka sani asalin aikin ganye ɗaya ne tak. Zana shi a CorelDRAW, ka kwafa, kana juya kowanne da digiri 45, har takwas su cika da'ira. Launi kuwa, uku sun wadatar, kuma tun farko ka zaɓi CMYK, domin jan da ke walƙiya a fuskar na'ura yakan dushe idan ya hau takarda.