Gyaran Makewayi Domin Tsofaffin Gida

A garin Matamaye da ƙauyukan ƙasar Kance, kamar sauran ƙasar Hausa, tsoho a gidansa yake tsufa, cikin ƴaƴansa da jikokinsa. Muna kula da cinsu da suturarsu, in ciwo ya kama su mu kai su gidan likita. Amma akwai wuri guda da ba mu cika dubawa ba, ga shi kuwa kullum suna shigarsa, dare da rana, kuma su kaɗai. Wannan wuri shi ne makewayi.

Mu tuna yadda yake a yawancin gidajenmu. Yana can ƙuryar gida, an kewaye shi da zana ko guntuwar katanga. Salga tana gefe guda, wurin wanka yana ɗaya gefen, da dutse ko guntun bulo da ake takawa. Ruwan sabulu yakan kwanta, gansakuka ta fito, ƙasa ta yi santsi. Mai shekara 30 ba ya ma lura da wannan. Mai shekara 70 kuwa, wanda gwiwa ta fara ƙi kuma yana ta fara rufe masa ido, kowace shiga kasada ce gare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Tun a 2007 ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Dalilin da ya sa abin yake muni shi ne, ƙashin tsoho ya yi rauni, musamman na mace bayan ta daina haila. Inda yaro zai tashi ya karkaɗe rigarsa, nan tsohuwa takan karya ƙashin ƙugu. Wannan karaya tana can ciki, inda karan ɗori ba ya kamawa. Sai an ɗauki hoto, sau da yawa kuma sai an yi aiki a babban asibiti irin na Damagaram. Doguwar kwanciya takan jawo gyambo da ciwon huhu. In abin ya faɗo da damina, dole mutum guda ya bar gona ya zauna jinya.

Aikin farko ba na magini ba ne, na tambaya ne. Tsoho ba zai kira ɗansa ya ce masa tsugunno ya gagare shi ba, kunya ba za ta bar shi ba. Abin da za mu gani shi ne alamu: ya rage shan ruwa da yamma don gudun fita da dare, ya fara tsallake wanka, ko mu ga shatin hannu a jikin katanga inda yake dafawa. Rage shan ruwa kuwa a zafin watan Afrilu wata cuta ce ta dabam. Sai a sami wanda ba ya jin nauyinsa, jika ko aboki, ga tsohuwa kuma ƴarta ko jikanyarta, a tambaya cikin ladabi: ina ne ya fi wuya? Tashi ne, ko tsayuwa, ko duhu? Shatin hannun nan ma ya riga ya nuna mana inda ya kamata a kafa mariƙi.

Tsugunno da tashi su ne babbar wahala. Maganinsu wurin zama ne. Kafinta yana iya huda kujerar katako a tsakiya, a ɗora ta bisa bakin salga, a sa guntun bututu ko bokitin roba da aka cire wa gindi a ƙarƙashi domin ƙazanta ta bi kai tsaye. Tsayinta ya kama daga santimita 40 zuwa 45, amma awo mafi kyau shi ne daga diddigen mai ita zuwa bayan gwiwarsa, yadda in ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. A bar sarari ta gaba domin hannu da buta, don kuwa kujerar da ta hana mutum tsarki ba zai sake hawanta ba. A shafa mata fenti domin ta wanku, kuma a lura da fuskar da aka ba ta, kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Kujerar da ake ɗagawa ta fi dacewa da gidan da ake da salga guda, saboda sauran jama'a su yi yadda suka saba.

Mai hali yana iya gina mazauni na siminti, amma a nan muna da gargaɗi. Ƙasarmu ta rairayi ce, bakin rami yakan zube da damina. Tsohuwar salga da aka rufe da itace da laka, wadda wataƙila gara ta ci ta ta ciki, ba ta ɗaukar nauyin gini. Kafin a ɗora kome sai an ɗaure bakin ramin da bulo, an sa murfin siminti mai ƙarfe. Idan sabon rami za a haƙa kusa da ɗakin tsoho, a bar tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya. Mutanen kwarin Korama, masu noman rake, sun san ruwa yana kusa a wajensu, saboda haka kada raminsu ya yi zurfin da zai kusanci ruwa.

Mariƙi bututun ƙarfe ne ko itace mai ƙwari, kaurinsa daidai cikar hannu. A kafa shi a ƙasa da siminti, tsayin santimita 70 zuwa 80, gefen kujera da kuma bakin ƙofa. Kada a dogara da dirkar zana, ko ƙusar da aka buga a katangar laka. Mariƙin da zai cire a hannu ya fi rashinsa haɗari. Bayan an kafa, ƙato ya rataya da dukan nauyinsa a gwada.

A wurin wanka kuskuren da muka fi gani shi ne gogaggen siminti. Magini yana son a yaba aikinsa, sai ya goge daɓe ya yi sumul, da ruwan sabulu ya taɓa shi sai ya zama tarko. A ce masa ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, ya kuma karkata shi kaɗan zuwa rariya, ruwan ya faɗa ramin da aka cika da duwatsu a waje. Tayil mai sheƙi, wanda ake yayi yanzu a gidajen gari, ya fi siminti santsi. A gina ɗan dakali domin a yi wanka a zaune, da wani na ɗora bokiti don kada a riƙa sunkuyawa. Wanke ƙafa a tsaye bisa ƙafa guda shi ne inda da yawa suke zamewa. Ruwan ɗumi na hunturu kuma wani ya fara taɓa shi, don mai ciwon sukari ba koyaushe yake jin zafi a ƙafarsa ba.

Ƙofa ta kai faɗin santimita 80 zuwa 90, yadda mai sanda da mai riƙe shi za su wuce, ko keken guragu in ta kai ga haka. Ta riƙa buɗewa ta waje, domin in mutum ya faɗi a bayanta a iya kai gare shi. Dokin ƙofa a mai da shi gangare: kowane santimita 10 na tudu yana son santimita 120 na tsawo. Hanya daga ɗaki a share ta, a kawar da turke da igiyar akuya da turmi, a rataya fitilar hasken rana. Wanda tafiyar dare ta yi wa nisa a ajiye masa bokiti mai murfi ƙarƙashin kujerarsa a ɗaki, a zubar a salga da asuba a wanke. Mai jin jiri in ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini, ya zauna bakin gado tukuna kafin ya tashi, kuma a gaya wa likita. Kada ya daina maganin da kansa.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da ƙasa ta bushe kuma kuɗin gyaɗa da wake suka shigo hannu. Kafin nan, kowane mai karatu ya ɗauki igiya ya auna faɗin ƙofar makewayin gidansu da tsayin dokin ƙofar, ya ƙirga taku nawa ne daga ɗakin tsoho zuwa can, ya rubuta a littafinsa. Da wannan awo za a je wajen magini da kafinta a yi ciniki.