Gatse a Matsayin Amsa-kuwwa: Nazari a kan Martanin Hausawa ga Labaran Tsaro da Garkuwa da Mutane

An saba bayyana gatse da cewa faɗin magana ne alhali ana nufin akasinta, kamar uwar da ɗanta ya fasa tulu ta ce masa "Ka kyauta". Wannan ma'ana ta yi daidai da ra'ayin H. P. Grice na 1975, wanda ya ɗauki irin wannan furuci a matsayin karya ƙa'idar faɗin gaskiya da gangan, domin mai sauraro ya gano abin da aka ɓoye. Maƙalar nan tana ganin cewa ma'anar ba ta wadatar ba idan aka zo kan yadda Hausawa suke mayar da martani ga labaran tsaro.

A ƙarshen Oktoba 2020, 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masalata da ke kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, suka tsallako da shi arewacin Nijeriya. Ranar 31 ga watan, sojojin Amurka na musamman suka kuɓutar da shi, Shugaba Donald Trump kuma ya yi shelar nasarar. Ga mutumin Zamfara ko Katsina da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa, labarin yana da ɗaci. A irin wannan yanayi ne za a ji jimla kamar wannan, wadda aka gina domin nazari: "Ashe dai ana iya ceto mutum cikin mako guda." Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, an kuwa ceto shi cikin ƙasa da mako. Juya ma'anarta ba zai fitar da komai ba, amma duk Bahaushe ya san gatse ne.

Ra'in da Dan Sperber da Deirdre Wilson suka gabatar a 1981 ya fi warware matsalar. A ganinsu, mai gatse yana maimaita wata magana ko wani tsammani na wani ne, kamar amsa-kuwwa, tare da nesanta kansa da shi. Jimlar da ke sama tana amsa uzurin da jama'a suka gaji da ji, cewa daji yana da faɗi, aikin ceto kuma yana buƙatar haƙuri. Kalmar "ashe" ita ce ta ɗauki nauyin duka, domin mai maganar ya yi kamar yanzu ya gano abin da ya daɗe da sani.

A nan Hausa tana da kayan aikin da ya cancanci a tsaya a kansa, wato 'yan ƙananan kalmomi irin su "wai", "ashe", "dai", "ai" da "lallai". A baka, karin murya da yanayin fuska suna tona gatse. A rubuce kuwa waɗannan kalmomi ne suke maye gurbinsu. "Wai" ta fi kowacce dacewa da ra'in amsa-kuwwa, saboda aikinta na asali shi ne nuna cewa maganar ta wani ce. Idan aka ce "An rusa SARS", labari ne. Idan aka ce "Wai an rusa SARS", to an sa shakku, musamman ga wanda ya san cewa kwana biyu bayan sanarwar rusa wannan runduna ta 'yan sanda ranar 11 ga Oktoba 2020 aka bayyana kafa wata mai suna SWAT. Haka furucin Shugaba Muhammadu Buhari na Disamba 2015, cewa a fasahance an ci Boko Haram da yaƙi, ya zama abin da ake maimaitawa duk lokacin da aka kai sabon hari. Ba a canza kalmominsa, lokacin maimaitawar ne yake mayar da su gatse.

Ya kamata a rarrabe wannan da habaici, wanda yake ɓoye wanda ake nufi, da kuma zambo, wanda yake fito da aibi ƙarara. Gatsen labaran tsaro yana iya ambaton hukuma da sunanta, har ya yi mata addu'a, shi ya sa yake ba mai shi mafaka: in an tuhume shi sai ya ce ai yabo ya yi.

Wannan mafaka ita ce kuma matsalar mai fassara da mai tattara ra'ayin jama'a. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, jimla kamar "Lallai tsaro ya inganta, sannunku da ƙoƙari" za ta shiga rukunin yabo idan aka bi kalmominta kawai, ko mutum ne ya karanta ko kwamfuta. Saboda haka duk rumbun bayanan da za a gina domin nazarin gatse a Hausa yana buƙatar a adana kowace jimla tare da ranar da aka furta ta da labarin da ta biyo baya, a kuma yi wa ƙananan kalmomin nan alama ta daban maimakon share su kamar yadda ake yi wa kalmomin da ake ɗauka ba su da ma'ana.