Jigo Guda, Darussa Biyar: Tsarin Mako na Haɗa Darussa a Firamaren Karaye da Rogo

Tsakure

Maƙalar ta gabatar da tsarin mako guda na koyarwa a aji huɗu na firamare, wanda aka gina a kan jigon ruwa, tare da ɗaukar Madatsar Ruwa ta Challawa a matsayin abin misali. Manufarta ita ce nuna cewa harshen koyarwa shi ne igiyar da ke ɗaure darussa mabambanta wuri guda.

Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon shekarun firamare. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da soke shi. A ɓangaren manhaja kuwa, bitar da hukumar NERDC ta yi a 2012 ta rage yawan darussa ta hanyar cure wasu a cikin wasu. Sai dai curewar ta fi tsayawa a jadawali, domin kowane darasi na cin gashin kansa a aji. An zaɓi aji huɗu ne saboda a nan aka saba sauya harshen koyarwa zuwa Ingilishi.

Dalilin Zaɓen Jigo

An kammala madatsar Challawa a 1992 a Ƙaramar Hukumar Karaye, wadda ke maƙwabtaka da Rogo. Kogin Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Yaron wannan yanki ya san su da noman rani da ɗiban ruwa tun kafin ya shiga aji, don haka malami zai tarar da tubalin gini a shirye.

Tsarin Makon

Litinin, darasin Hausa: ɗalibai su tattaro kalmomin muhallin ruwa, irin su kogi, rafi, ƙorama, tafki, kududdufi da fadama, su bambance ma'anoninsu, sannan su yi sharhin karin maganar “ruwa ba ya tsami banza”.

Talata, lissafi: idan jarka tana cin lita 25, gida kuma yana amfani da jarka shida a rana, ɗalibai su gano lita 150 a rana da 1,050 a mako.

Laraba, kimiyya: a zuba ruwa daidai wa daida a faranti biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, a auna abin da ya rage kafin tashi.

Alhamis, kiwon lafiya: cutar tsargiya, da yadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin dodon koɗi kafin ta huda fatar mai wanka a ruwa kwantacce.

Juma'a, nazarin zamantakewa: a zana hanyar ruwan daga Karaye zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, a tattauna yadda tare ruwa a sama ya rage malalarsa ga manoma da masuntan ƙasa. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta sakin layi guda da kalmomin Litinin da alƙaluman Talata.

Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi

A nan ne aikin ya shafi manazarta Hausa kai tsaye. Kalmar “girma” tana ɗauke da tsawo da faɗi da kauri baki ɗaya, alhali lissafi yana buƙatar rarrabe su. Amma maganar yau da kullum ta riga ta samar da mafita: cewar da ake yi “jarka tana cin lita 25” ta nuna aikatau “ci” yana bayyana adadin da mazubi ke ɗauka, ba tare da aro ba. Haka nan “ƙafewa” tana faɗin sakamakon gwajin Laraba, “tururi” kuma yana faɗin inda ruwan ya tafi. Malami yana buƙatar su biyun, kuma dole kalmar da ya zaɓa ranar Laraba ta kasance ita ce ta Juma'a. Idan aka koyar da Litinin da Hausa, Talata da Ingilishin hadda, yaro ba zai gane cewa ruwan jarka da na faranti abu guda ake magana a kai ba.

Kammalawa

Gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 sai da ya tanadi littattafai da kalmomin kimiyya da lissafi cikin Yarabanci kafin ya yi tasiri. Darasin da ke ciki ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi shi ne su sauka zuwa azuzuwan Karaye da Rogo, su tattara kalmomin da malamai da masunta da manoma ke amfani da su, su daidaita su cikin ƙaramin ƙamus na firamare. Duk manufar da gwamnati ta tsayar game da harshen koyarwa, malamin karkara zai ci gaba da yin bayani da Hausa. Abin da ya rage shi ne ya yi shi da kalmomin da aka tantance.