Yadda ake jego: wadda ta haihu da kanta da wadda aka yi wa aiki

A gidajenmu jego ɗaya ne. Ko ta wace hanya ɗa ya fito, tukunya ɗaya ake ɗorawa, ganye ɗaya ake tsomawa, kunu ɗaya ake damawa. Amma wadda ta haihu da kanta da wadda aka yi wa aiki ba wuri ɗaya suka ji ciwo ba. Ta farko rauninta yana ƙasa, a gabanta da naman da ke tallafe da mafitsara da mahaifa. Ta biyu nata yana mara, kuma ɗinkin da ido ke gani shi ne ƙarami: an yanka fata, an ratsa kitse, an tsaga tantanin da ya lulluɓe naman ciki, an buɗa naman, sannan aka yanka mahaifar kanta. Matakin farko ke nan, 'yar'uwa: ki san inda rauninki yake, ki kuma tabbata Inna ko Gwaggon da za ta yi miki wanka ta sani.

Mataki na biyu, awa 24 na farko, na lura da jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a zauna asibiti aƙalla yini da kwana ko da haihuwar ta zo da sauƙi, domin a lokacin ne zubar jini ta fi kisa. Mahaifar da ta sauke ɗa nauyinta ya kai kusan kilo 1, tana tsaye daidai cibiya, kuma sai ta dunƙule ta yi tauri jini ke tsayawa. Abu biyu ne a hannunki. Ki sa jariri a nono tun da wuri, ya sha dakashi, don tsotson yana sa mahaifa ta tsuke. Murɗar da kike ji a mara lokacin shayarwa aikinta take yi, kuma takan fi zafi a haihuwa ta uku da ta huɗu. Sannan ki yi fitsari cikin awa 6, ko da kina jin tsoron raɗaɗi, saboda cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa dunƙulewa. Idan audugar mata ta jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudaji manya suna fita, ko jiri ya ɗebe ki, ki kira ma'aikaciya nan take, ba sai an tambaye ki ba.

Wadda aka yi wa aiki tana da robar fitsari, wadda akan cire bayan rabin yini ko yini guda. Da zarar ƙafafunta sun dawo daga allurar baya kuma an ba ta izini, ta tashi. Za ta ji kamar cikin zai zube, ba zai zube ba. Ga yadda ake tashi: ki mirgina gefe, ki zuro ƙafafu ƙasa, ki dafa katifa da hannu ki ɗago, kada ki miƙe tsaye daga rigingine. In tari ko atishawa ta zo, ki danne ɗinkin da matashi. 'Yar tafiya zuwa bakin ƙofa bayan an tashi ita ce ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, ta kuma saki iskar da ke kumbura ciki. Ita ma tana jinin biƙi kamar kowa, tun da gurbin da mabiyiya ta bari a mahaifa bai san ta inda ɗa ya bi ba. Jinin yakan fara ja, ya koma ruwan ƙasa, ya ƙare da fari-fari, cikin mako 4 zuwa 6.

Mataki na uku shi ne kula da raunin a makon farko. Idan kin ƙaru ko an yi miki ƙari, ki riƙa zuba ruwa mai ɗumi da buta yayin fitsari, ki yi tsarki daga gaba zuwa baya, ki tsane da tsumma mai tsabta, ki canza auduga akai-akai. Zama cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci yana rage raɗaɗi, amma ɗumi fa, ba tafasasshe ba, kuma cikin roba wankakkiya. Zaren ɗinkin yana narkewa da kansa. Kada ki cusa komai a gabanki, ko da wace ƙawa ce ta kawo shi da sunan matsi. Rauni ne ɗanye, abin da aka cusa ƙwayar cuta yake kai masa. Bayan gida na farko yakan tsorata mata fiye da yadda suke faɗa. Ki sha ruwa da yawa, ki ci zogale da gwanda da wake, kada ki yi nishi, musamman idan basir ya fito.

Idan aiki ne, ki duba ɗinkin kullum, da madubi in ya kama. Bayan an cire bandeji a wanke da ruwa da sabulu, a tsane. Mai tumbi ta ɗaga shi ta busar da ƙarƙashinsa, don nan gumi ke kwanciya. Ba toka, ba man kaɗanya, ba hoda. Ki sha maganin ciwon da aka rubuta miki a kan lokaci. Parasitamol ba ya cutar da mai shan nono, kuma wadda ciwo ya hana motsi ta fi daɗewa a kwance. In zaren na cirewa ne, ki koma ranar da aka sa miki.

Yanzu sai wankan jego, inda rigima take. Ni ban ga dalilin zubar da shi ba. Kwana arba'in da mace ke samu ana dafa mata, ana ɗaukar mata jariri, ana gasa mata baya, gata ne da matan ƙasashe da yawa ke nema ba su samu. Abin gyara zafin ne. Ki sa gwiwar hannu cikin ruwan. In ba za ta iya zama ba, a sirka. Wadda aka yi wa aiki kuwa kada a kaɗa mata ganyen darbejiya a mara, kada a danna mata ciki da sunan fitar da mataccen jini. Fatar da ke kewaye da ɗinkin takan yi watanni a mace saboda ƙananan jijiyoyin da wuƙa ta ratsa, don haka tana iya ƙonewa ba ta ji ba. Ruwan ɗumi a kafaɗa da baya da ƙafafu ya ishe ta har ɗinkin ya kama.

Kanwa ma a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Wani bincike da aka jagoranta daga Kano daga baya ya fi karkata ga rama da hawan jinin ciki. Ko ma wanne ne, kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, tana tara ruwa a jiki, kuma wadda jininta ya hau lokacin ciki ba ta da abin yi da ita. Kunun gyaɗa, farfesun ƙauri, hanta, ƙwai da maganin ƙarin jini sun fi yi mata amfani.

Ranar suna tana faɗowa daidai lokacin da ɗinki bai gama kamawa ba. A ba mai jego kujera mai jingina, ta gaisa, ta koma ɗaki. Zaman tabarma tun hantsi da durƙusa wa kowace baƙuwa ba dole ba ne, masu hankali za su yi mata uzuri.

Mataki na huɗu, ƙarfafa naman ƙasa, shi ne wanda aka fi mantawa. Haihuwa da kai ta fi barin mace da ɗigon fitsari in ta yi dariya ko tari, da saukowar mahaifa bayan shekaru. Aiki yana rage wannan amma ba ya kawar da shi, tun da wata tara na ɗaukar nauyi sun riga sun sassauta wurin. Ki tsuke kamar mai riƙe tusa da fitsari tare, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma, sau uku a yini, ba tare da riƙe numfashi ba. Lokacin shayarwa ya dace da shi. Daka, ɗibar ruwa da ɗaukar duk abin da ya fi jaririn nauyi su jira mako 6 ga mai ɗinkin mara. Ɗaure ciki da zane yana iya ba ki daɗin tafiya, amma ba shi ke mayar da tumbi ba, kuma in an matse da yawa ƙasa yake tura nauyi.

Ɗigo daban, yoyo daban. Idan bayan doguwar naƙuda fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa, kada a ɓoye ki a ɗaki. In an je da wuri, robar fitsari kaɗai takan rufe ƙaramar ɓula, babba kuma ana ɗinke ta a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da Danja kusa da Maraɗi.

Akwai abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu: zazzaɓi, jini mai wari, ɗinki ya yi ja ko ya fara ruwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, haki da kasa kwanciya sai a zaune. Jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa, ba sai da ciki ba. Kuka ba dalili a kwanakin farko ruwan dare ne, amma in ya wuce mako 2, ko kin ji ba kya son ganin jaririn, ko tunanin cutar da kanki ya zo, ciwo ne mai magani, a kai ki asibiti. Zubar gashi wajen wata na uku kuwa zai tsaya da kansa.

Mataki na ƙarshe yana wajen arba'in. Ko ba abin da ke damunki, a duba ki a kwana na 3, da mako na biyu, da mako na 6. Kada ki koma wa maigida sai jini ya ɗauke kuma ciwo ya tafi. Bushewar gaba ga mai shayarwa ba laifin kowa ba ne. Ciki na iya shiga tun kafin al'ada ta dawo. Shayarwa tana karewa ne kawai idan nono zalla jariri ke sha dare da rana, bai kai wata 6 ba, kuma ba ki ga jini ba. Wadda aka yi wa aiki ta nemi hanyar tazara kafin ta bar ɗakin likita, domin tabon mahaifa yana buƙatar aƙalla wata 18 kafin wata haihuwa. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aiki sau ɗaya suna haihuwa da kansu daga baya, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye, ba a gida ba. Ki adana takardar sallamarki, ki tafi da ita awon farko na ciki mai zuwa, don a cikinta aka rubuta dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifar.