Yadda Ake Gano Kukan Difaranshal Kafin a Kwance Shi

Duk motar da tayoyin baya ke tura ta, irin su Hilux, Hayis, Marsandi da tsohuwar Fijo 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, tana da wani tulun ƙarfe a tsakanin tayoyin nan biyu. Shi ne difaranshal. Farfela ce ke kawo masa ƙarfin inji, ƙaramar giya da ake kira finiyon ta juya babbar, wato kurawun, sannan wasu 'yan ƙananan giyoyi a ciki su raba juyin, ta yadda in an sha kwana tayar waje za ta fi ta ciki sauri.

Da zarar ƙara ta taso daga bayan irin wannan mota, shi ake fara ɗora wa laifi, kuma sau da yawa ƙazafi ne. Ni kaina an taɓa yanke wa na Hilux ɗina hukuncin mutuwa, har na fara tambayar kuɗin ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Wani dattijon bakanike ne ya ce, "Alhaji, ba ni makulli tukuna." Ko kilomita uku ba mu yi ba ya karkaɗa sitiyari sau biyu, ya ce boris ɗin tayar dama ne. Shi ne kuwa. Tun daga ranar na gane cewa wannan aiki da kunne da ƙafa ake fara shi, sifana sai daga baya.

Ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta wadda ba cunkoso, ka kashe rediyo, ka rufe gilasai, ka sa mutum ya zauna a baya yana saurare. Ka yi tafiyar minti goma sha biyar don mai ya ɗumama, saboda mai mai sanyi yana da kauri, yakan ɓoye ƙara. Sai ka lura da gudun da kukan ya fi fitowa, a ce kilomita 60. A kan wannan gudun ka sauya daga giya ta huɗu zuwa ta biyar. In muryar ta sauya tare da inji, to ka mayar da bincikenka gaban mota. In tana nan yadda take, abin da ke kukan da gudun taya yake tafiya.

Saura ka wanke taya da boris. Kukan taya yana sauyawa da irin hanya: wata murya a sabuwar kwalta, wata a tsohuwa. Ka shafa tafin hannunka a kanta, in ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, ga mai laifi nan. Boris ɗin taya kuwa nauyi ne ba ya so. Ka karkata motar hagu da dama a hankali. In gurnanin ya ƙaru da ka karkata hagu, na dama ne ke shan wahala, don a kansa nauyin ya sauka.

Yanzu aka zo wurin da ƙafa ke magana, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Taya da boris ɗinta ba ruwansu da totur. Difaranshal kuwa yana jin duk motsin ƙafarka, domin kowane haƙorin giya fuska biyu gare shi: ɗaya tana ɗaukar ƙarfi lokacin da inji ke tura mota, ɗayar kuma lokacin da mota ke tura inji. Ka taka totur, ka riƙe shi daidai, sannan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, ka maimaita sau da yawa. Siririn kuka mai kama da fito, wanda ke zuwa da ka taka ya ɗauke da ka saki, yawanci haƙoran kurawun da finiyon ne suka cinye ko ba su zauna daidai ba. In kuma sai ka ɗaga ƙafa yake fara wuuu, ka zargi boris ɗin finiyon ko notinsa da ya saki. Wannan ya fi faruwa bayan an canza sil ɗin gaban tulun, aka ɗaure notin da ka, ba da awo ba.

Kaurin muryar ma shaida ne. Finiyon yakan juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa boris ɗinsa ke da siririyar murya. Boris biyu da ke riƙe da kurawun da gudun taya suke tafiya, nasu gurnani ne mai kauri da kan fara daga wajen kilomita 30. Bugu mai tsari, ƙwas, ƙwas, kusan duk mita biyu, karyayyen haƙori ne a kurawun. Wannan ba motar tafiya ba ce kuma. Gwaf guda ɗaya lokacin tashi ko sa ribas kuwa, kada ka yi saurin kai ƙara: kuros ɗin farfela ya fi yin haka, ga shi da araha.

Daga nan ka sami fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a hankali, hagu sannan dama. Ƙara ko fizga da ba ta zuwa sai a kwana, daga ƙananan giyoyin ciki take. Wasu motocin difaranshal ɗinsu na da faifan kuloci da ke hana taya ɗaya yin juyin banza a yashi. Irin wannan kan yi ɓarin jiki a kwana in an zuba masa man da ba nasa ba, kuma canjin mai kaɗai kan warkar da shi.

Sai mai. Ka fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi motsi. Ka zura ɗan yatsa: mai ya kamata ya kai bakin ramin. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kada ya tsorata ka, haka man giya yake saboda sinadarin farar wuta da ke cikinsa. Abin dubawa launi ne. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, galibi ta ɗan bututun numfashi da ke saman tulun, lokacin da aka kutsa kududdufin damina da zafinsa. Notin ƙasa yawanci yana da mayen ƙarfe. Laushin toka-toka a jikinsa, kamar kwalli, ba komai ba ne. Amma in ka murza a yatsa ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ƙaiƙayi, ƙarfe na cin ƙarfe a ciki. Man da ya dace shi ne GL-5, kaurin 80W-90 ko abin da littafin motar ya ce.

Kafin ka shiga ƙarƙashi, ka ɗaga tayoyin baya duka biyu a kan ƙafafun ƙarfe, ka tare na gaba da dutse, kada ka amince wa jak shi kaɗai. Ka kama wurin da farfela ta haɗu da tulun, ka girgiza sama da ƙasa. Ko ƙanƙanin wasa bai halatta ba a nan. Dattijon bakaniken nan yakan sa yaronsa ya kunna motar a giya, shi kuma ya dafa bakin dogon sukundireba a jikin tulun, ƙotar a kunnensa, yana matsawa daga wuyan finiyon zuwa gefuna har ya kai inda ƙarar ta fi ƙarfi. Mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna, farfela ba ta da tausayi.

In duk shaidun nan sun nuna ciki, sai a buɗe. Wasan da ke tsakanin haƙoran kurawun da finiyon da agogon awo ake auna shi. A yawancin Toyota bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba. A shafa wa haƙoran fenti a juya, tambarin ya fito a tsakiyar haƙori, ba a baki ko a gindi ba. Giyar da ta riga ta koyi kuka ba ta dainawa don an zuba sabon mai. Mai kauri kan rufe mata baki na 'yan kwanaki, dabarar da wasu dillalan mota suka sani sarai. Kurawun da finiyon tare aka wasa su a masana'anta, tare ake canza su. In za ka sayi na hannu, ka ƙirga haƙoran da kanka. Mai 41 da 10 ba ɗaya yake da mai 43 da 10 ba, kuma a motar da ke ja da ƙafa huɗu dole na baya ya yi daidai da na gaba.