Darasi Na Tara: Sana'ar Gyaran Gida da Ɗorewarta Bayan Mai Ita

9.1 Gabatarwa

A wannan darasi za a dubi sana'ar gyaran gida, wadda reshe ce ta sana'ar gini. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci abin da ke sa wata sana'ar ta mutu da mutuwar mai ita, wata kuma ta ci gaba a hannun na baya.

9.2 Ma'anar Gyaran Gida

Gyaran gida shi ne sabunta ginin da ya riga ya tsaya ko sauya masa fasali. A gargajiyance ya ƙunshi yaɓe, da daɓe, da sauya azarar da gara ta ci, da shafe soro da laso ko makuba kafin faɗuwar damina. A zamanance kuwa ya haɗa da aikin birkila da kafinta da mai fenti da mai ɗaura tayil.

9.3 Matsalar Dogaro da Mutum Ɗaya

Galibi sana'ar takan rataya a wuyan maigida shi kaɗai. Shi ke duba aiki, ya yanke jinga, ya karɓi kafin alƙalami, ya sayo siminti, ya sallami leburori da yamma. Ke nan ilimin sana'ar yana kansa, amincewar jama'a tana ga fuskarsa, kuɗin kuma suna aljihunsa. Ranar da ya kwanta ciwo aiki ya tsaya. In ya rasu, sai yara su watse, magada su raba kayan aiki, wanda aka kware wa rufin ɗaki kuma ya rasa wanda zai tunkara ga damina ta kawo jiki.

9.4 Yadda Magabata Suka Yi

Hausawa sun magance wani ɓangare na wannan matsala ta hanyar gado da koyo. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, sannan a ba shi katanga, sai daga baya a sake masa daurin guga. A bisa magina kuma akwai Sarkin Magina mai raba aiki da sasanta saɓani. Kyakkyawan misali shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Gwanintarsa ba ta bi shi kabari ba, domin zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar. Sai dai wannan tsari ilimi yake gadarwa, bai tanadi rubutaccen lissafin kuɗi ba.

9.5 Matakan Ɗorar da Sana'a

(a) Rubutu: A rubuta awon aiki, da farashin kaya, da sharuɗɗan jinga, da sunayen masu hulɗa. Abin da ke cikin littafi kowa na iya ɗorawa a kai.

(b) Wakilci: A horar da babban yaro, a bar masa ƙaramin aiki tun daga ciniki har miƙa makulli. Zai yi kuskure, amma gara ya yi shi maigida na raye ya gyara masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

(c) Raba kuɗi: A buɗe wa sana'a asusunta daban da na cefane, maigida ya yanka wa kansa albashi. Kafin alƙalami amana ce, ba riba ba ce.

(d) Gabatar da na baya: A riƙa zuwa da su gaban masu gidaje. Wannan ya fi muhimmanci a gyaran gida fiye da sabon gini, domin aiki ne da ake yi a tsakar gidan da iyali ke ciki, kuma Bahaushe ba ya barin baƙon fuska ya wuce zaure.

(e) Rajista: A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani. Kamfani a idon doka daban yake da mai shi, don haka ba ya rushewa da rasuwarsa. Hannun jari ake gada, ba a raba cebur da tsani.

9.6 Kammalawa

An ga cewa sana'a tana ɗorewa ne idan ilimi da amana da kuɗi suka tashi daga hannun mutum ɗaya zuwa tsarin da wasu za su iya riƙewa. Malami mai koyar da wannan darasi zai kyauta idan ya kai ɗalibansa wurin wani magini su ji daga bakinsa.

9.7 Auna Fahimta

1. Kawo kalmomi biyar na sana'ar gini tare da ma'anarsu.
2. Wane giɓi tsarin gado ya bari?
3. Tattauna da wani mai gyaran gida a garinku, ka bayyana abin da zai faru da aikinsa idan ya yi tafiyar wata uku.